Iccen nan ba shi da inuwa

A shekarar 2022 ina aji na biyu a wata makaranta mai zaman kanta a Yamai, inda muke koyon zane da kwamfuta, abin da ake kira infografi. Ni ƴar Tawa ce, a Bilbis aka binne cibiyata, amma karatu ya kai ni Bukoki gidan Gwaggo, ɗaki ɗaya da ƴaƴanta mata uku da keken ɗinki. Labarin da zan ba ku na takarda guda ce tak, mai girman A2, santimita 42 a faɗi, kusan 60 a tsawo. Takardar nan ta fi jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare wahalar da ni.

Tsakiyar watan Yuni malaminmu, wanda muke ce wa Mushe, ya shigo aji ya rubuta aikin ƙarshen shekara a allo: kowa ya zana afish na ranar 3 ga Agusta, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa fosta. Duk ɗan Nijar ya san ranar. Ita ce ranar da muka samu mulkin kai a 1960, kuma tun 1975 aka haɗa ta da dashen itatuwa. Shugaban ƙasa ya dasa, gwamna ya dasa, ƴan lakwal su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Sharuɗɗan Mushe biyu ne. Rubutu ya kasance da Faransanci da harshe ɗaya na gida. Sannan kada wanda ya buɗe Illustrator, manhajar da muke zane da ita, sai ya fara kawo masa mudbod, wato allon da mai zane ke tara hotuna da launuka da haruffan da suka ja idonsa, don a ga inda hankalinsa ya dosa tun bai ɗora alƙalami ba. Hoto talatin aƙalla.

Na ce a raina wannan ai shan ruwa ne. Na sayi forfe na intanet na dare na dala ɗari, na jira ƴan ɗaki suka yi barci, na lulluɓa da zane don kada hasken waya ya tashe su, na shiga Pinterest da Behance, shafukan da ake tara hotunan zane. Kafin kiran assalatu ina da hoto sittin da ɗoriya. Ga hannaye biyu sun tallabo baƙar ƙasa da tsiro mai ganye biyu. Ga duniya an zana ta ƙwallo tana murmushi. Ga itace mai kai kamar kabeji, tsaye a kan irin ciyawar da ko a bakin kogin Isa ban taɓa gani ba. Na jera su, na ga sun yi kyau, na kwanta da daɗin rai.

Ranar da muka kai, Mushe ya sa aka manna duka a bango. Mu goma sha tara ne a ajin. Goma sha ɗaya daga cikinmu mun kawo hannayen nan masu tallabe da ƙasa, wasu ma hoto ɗaya ne sak, ko farce bai bambanta ba. Ya daɗe yana kallo, hannu a baya. Sai ya juyo wurina, don ni ce kusa.

"Madmazel, hannun wa ne wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Baƙar ƙasar nan fa, a gonar wa aka ɗebo ta? A Tawa akwai irinta?"

Aji ya fashe da dariya, har da waɗanda suka kawo irin nawa. Ya ce injin neman nan abin da aka fi dannawa shi yake tura wa kowa, shi ya sa mutum goma sha ɗaya suka yi mafarki iri ɗaya a dare ɗaya. Ya ce duk hoton da ba da wayarmu muka ɗauka ba, ko ba da hannunmu muka zana ba, kada ya sake ganinsa. Na ji haushinsa ranar. Ranar Yamai a watan Yuni ba abin wasa ba ce, kuma kuɗin taksi daga bakin zanen Gwaggo za su fito.

Gidan tarihi na Bubu Hama na fara zuwa, wanda kowa ke ce wa Mize. Tun 1959 yake nan. Na taɓa shiga sau biyu da salla, kallon zaki da dorina kamar kowa, amma ban taɓa tsayawa na kalli gine-ginen kansu ba, farare da zanen shuɗi. Na ɗauki bango, na ɗauki aikin allura na manyan riguna, na ɗauki huluna da ƙore. Na tsaya a gaban gawar iccen Tenere, wanda ya yi zamansa shi kaɗai a tsakiyar sahara har wata babbar mota ta buge shi a 1973, aka kwaso shi aka kawo Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Na ce to, abin nema ya samu. Ina ɗaga waya sai ga ƴan ajinmu biyu a ɗaya gefen, su ma sun ɗaga tasu. Muka kalli juna muka yi dariyar kunya. Ko ba don su ba ma, da na sake tunani na ga ba a gayyatar suna da hoton makara.

A ɓangaren masu sana'ar hannu na gamu da dattijon da ya fara gyara mini ido. Baduku ne, mutumin Damagaram, yana zaune a kan buzu yana haɗa matashin fata mai zagaye. Ni kuwa tsabar zumuɗi, ban ce uffan ba na saita waya a kan aikinsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ƴata, a garinku ba a sallama?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya tura mini ƴar kujera da ƙafa.

Na fi awa guda a wurin. Ya miƙo mini fatar in taɓa, ya ce ta jar akuyar Maradi ce, majema sun jeme ta da bagaruwa. Jan launin daga karan dafi ne. Baƙin daga ƙarfe ake samunsa. Tsanwar kuma, wadda ta fi ɗaukar idona, da garin tagulla ake haɗa ta. Na lura duk faɗin matashin ja ne, baƙin layi ya kewaye shi, tsanwar kuwa ƴan guntaye ne kamar faratan yaro, jefi-jefi. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka ƙara tsanwar? Ita ce ta fi kyau." Ya ce, "Don ba ta da yawa shi ya sa kika gan ta. Gishiri ce. Kin taɓa ganin an tuƙa tuwon gishiri?" Na tambaye shi da me yake auna tazarar da ke tsakanin zane da zane, tunda ban ga abin awo kusa da shi ba. Ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sannan ya ɗora tafin hannu a wani fili da ya bari babu ko ɗigo, ya ce nan ne ido ke zama ya huta kafin ya ci gaba da tafiya.

Na rubuta maganarsa a kaye, na ja layi biyu a ƙasa. Aiki da ita kuwa sai daga baya.

Kasuwar Katako ba ta da nisa da gidan Gwaggo, kullum ina jin ƙarar gudumarta amma ban taɓa shiga da niyyar kallo ba. Can na ga masu zuba tukwanen alminiyam, da akwatunan ƙarfe masu fenti, da masu rubuta allunan shago. Ɗaya daga cikinsu, yana cikin zana kawunan samari a allon mai aski, ya ce mini duk rubutun da mutum ba zai karanta ba yana kan kabu-kabu a guje, asarar fenti ce. Shi ya sa suke yi wa kowane harafi kauri, su bi gefensa da baƙi. Na bi bayan manyan motoci ina ɗaukar "Allah ya kiyaye hanya" da "Sai haƙuri". Na je ƙauyen masu sana'a na Wadata na ɗauki azurfar Buzaye, har na ga ashe Tawa ma tana da nata giciyen, dabam da na Agadas. Wata mai faya-fayi ta ce kada in kuskura in ɗauki fuskarta, kayan dai in ɗauka, in kuma ina da kunya in sayi ɗaya. Na saya.

Cikin kwana goma na tara hoto fiye da ɗari uku, Mushe ya sa hannu, na buɗe Illustrator. A nan na yi ɓarnar da ta fi ta farko. Duk abin da na gani na ce sai ya shiga. Giciyen Agadas a kusurwa, dagi a ɗaya kusurwar, raƙumi, raƙumin dawa na Kure, haruffan tifinag na Buzaye waɗanda ban ma san me suke cewa ba, gefe-gefe zanen bangon Mize. A tsakiya na kafa gawo, don na ce shi ne iccenmu, na cika shi da ganye shar, na ɗora masa baƙin hadari a sama tunda Agusta damina ce. Gwaggo ta leƙo daga kan kekenta ta ce, "Ya yi kyau. Kamar shagon masu sayar wa Nasara tsaraba." Har ga Allah yabo take yi. Ni ma a yabo na karɓa.

Babbar salla ta faɗo farkon watan Yuli, aka ba mu ƴan kwanaki, na kama hanyar gida da kwamfutar a cinya: Doso, Dogon Dutsi, Konni, a karya a Tsarnawa a yi arewa. Washegarin salla da yamma, an sauke raguna daga kan itatuwan gashi, gida duk ƙamshin suya, na shimfiɗa tabarma na buɗe aikina don in yi burga. Kawu yana nan, ƙanen Inna, ya zo daga ƙauyensu na wajen Keita. Manomi ne, bai yi lakwal ba ko na kwana ɗaya. Ya matso ya ƙanƙance ido.

"Wane icce na wanga?"

"Gawo ne, Kawu."

"Wanga baƙin abu na bisa fa?"

"Hadari ne."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Gawo da ganye, hadari na bisa? Ɗiyata, a Yamai haka gawonku yake?"

Na san abin. Wallahi na sani tun ina yarinya, amma sanin bai bi ni cikin kwamfuta ba. Gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara duk damina, sai an yi kaka ya sake tohowa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona: hatsin da ke gindinsa yana samun rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar kashi a wurin. Kawu ya ce ko makaho aka kai gona zai gane gindin gawo da tsawon kara. Ni kuwa daga wani tsohon hoto na wayata na kwafi nawa, wanda na ɗauka cikin sanyin Janairu, na manna masa hadarin Agusta.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu da zane, ta karɓi kwamfutar ta riƙe nesa da fuska kamar yadda take riƙe hoton biki. Ba ta ce komai ba game da raƙumi ko giciye. Can ta ce, "Iccen nan ba shi da inuwa."

Na duba. Gaskiya ne. Yana tsaye a kan ƙasa kamar an yanko shi da almakashi.

"Mi za a yi da icce in babu inuwa? Ina tsohuwa za ta zauna? Ina za a ɗaure akuya?"

Daren nan na sake bin hotunan Pinterest da ban goge ba. Kusan dukkansu daga gaba aka kalli itacen, kamar hoton katin ɗan ƙasa. Ni ma haka na yi. Inna kuwa daga ƙarƙashi ta san itace. Abin da ya dame ta ba siffar kansa ba ce, faɗin duhun da yake shimfiɗawa a ƙasa da azahar ne.

Ban san me ya sa na tambaye ta ko ta taɓa dasa itace ba. Ta kalle ni kamar na tambaye ta ko ta taɓa daka. Ta ce ba ɗaya ba, ba ɗari ba. A nan na ji labarin da na shekara ashirin da biyu a gidan ban taɓa nema ba. Bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, aka buɗe babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mazan Adar yawancinsu sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, sai mata suka zama su ne ƙarfin aikin. Inna tana budurwa a lokacin. Ta ce tun da duhu suke fita da gammo, su yini suna jidar duwatsu a ka ana jera su a kan fako don su tare ruwa, wasu kuma suna sarar gefen dutse da diga suna gina ramuka, kowane rami a sa masa ɗan icce mai ƙaya. Lada ba kuɗi ba ne, abinci ne: hatsi, da mai, da kayan gwangwani. Ta miƙo ƙafar hagu ta nuna mini babban yatsan da farcensa bai sake fitowa daidai ba tun ranar da dutse ya suɓuce mata. Sau nawa na sa wa ƙafar nan lalle, ban taɓa tambaya ba.

"In kin hau bisa kin dubo ƙasa," ta ce, "sai ki ga kamar an yi ma dutsi kitso. Mu munka yi shi."

Na ce wa Kawu sai ya kai ni in gani. Ya ce Keita ta yi nisa ga kwanakin da suka rage mini, amma in irin aikin nake so, akwai shi a hanyar Badagishiri. Muka samu aron babur muka fita da sassafe. An yi ruwa shekaranjiya. Ya tsaya a wani fako da na sha wucewa a cikin bas ban taɓa waiwaya ba, ya ce in hau wani ɗan tudu. Da na hau na juyo, sai na ga ramuka masu siffar rabin wata, jere bayan jere, har inda ido ya tsaya. Kowanne faɗinsa ya kai mita huɗu, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo an tara ta a bayansa ta zama ganuwa. Fakon ja wur, busasshe, amma cikin kowane rabin wata duhu ne na danshi, da ɗan tsanwa-tsanwa na ciyawa a tsakiya. Ja mai yawa, baƙin layi, tsanwa kamar farcen yaro. Matashin badukun nan ne aka shimfiɗa a ƙasa.

Gaba kaɗan ya nuna mini tassa, ƙananan ramukan da ake zuba wa taki a shuka hatsi a ciki, dabarar da manoman Illela suka gano a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980. Da yake mun zo kusa, na roƙe shi muka ratsa Yama don in ga masallacin Juma'ar da Falke Barmu ya gina da laka tun 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Hasumiya huɗu gare shi, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, kuma ba wanda zai ce ginin ya karkace. Ni da ke kwafar abu ɗaya in manna sau hamsin don kada ya kauce da ko milimita, na tsaya na yi shiru. Hoto shida kawai na ɗauka a ranar duka, batir ya kusa mutuwa.

Da na koma Yamai na goge komai. Raƙumi, giciye, dagi, gawo da hadarinsa. Na zana filin daga sama, kamar yadda shaho zai gan shi. Launi uku: jan ƙasa, wanda na tsotso kai tsaye daga hoton fakon, da baƙi, da tsanwa ƴar kaɗan. Rabin watan da hannu na zana su da bik a takarda, ɗaya-ɗaya, na ɗauka da waya na shigar, don kada su zama ƴan tagwaye. A ƙasa ta dama na shimfiɗa inuwa guda babba mai ɓula-ɓulan haske, da mace zaune a cikinta da akuya. Itacen kansa ban zana shi ba. Sama ta hagu na bar ta fili, wurin hutun ido.

Na tura wa ƙanena ta WhatsApp ya nuna wa Inna. Ba a jima ba sai ga saƙon murya, ana jin ƙarar turmi a baya. "Ke, wa ya jera maki su haka, wanga bayan wanga kamar soja? Ruwan da ya bi ta tsakani ina za shi? Sai ya zarce har ƙasa ya yi kwari. Na ƙasa tsakanin biyun bisa ake sa shi, shi tare abin da sunka bari." Na jera su ne a miƙe don na ga ya fi tsabta. Da na gocar da kowane layi kamar yadda ta ce, sai zanen ma ya tashi, ido ya riƙa gangarowa zigizag har ya faɗa cikin inuwar. Abin da Mushe ya yi wata uku yana koya mana da sunan motsi a cikin zane, Inna ta gyara shi a daƙiƙa ashirin, don kada ruwa ya tsere.

Saura rubutu. Na sa "Dasa ɗaya, ƴaƴanka su sha inuwa", a ƙasa da ƙananan baƙaƙe "Mu raya ƙasa", sai Faransancin a gefe. Na zaɓi wasu haruffa masu kauri irin na allunan Katako, ina bugawa sai ɗ da ƴ da ƙ suka zama ƴan akwatuna. Yawancin haruffan da ake saukewa daga intanet ba a ƙera su da lanƙwasarmu ba. Wata ƙawata ta ce in cire lanƙwasar kawai, kowa zai gane. Na ce a'a. In na cire, "mu raya ƙasa" ya koma "mu raya kasa", kuma ban ga wanda zai fito ranar 3 ga Agusta don kiwon maciji ba. Ƴan Najeriya suna da sauƙi a wuri ɗaya, su 'y suke rubutawa, mu kuwa a Nijar ƴ ce mai lanƙwasa. Ɗan ajinmu da ya rubuta nasa da Zabarmanci shi ma ŋ ta hana shi barci. A ƙarshe na samu Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi don littattafan koyon karatu, kyauta ne kuma yana da haruffanmu duka. Babban layin kuwa da hannu na zana shi, na bi gefensa da baƙi.

Wurin bugawa ma ya ba ni nasa darasin. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da tsanwa da shuɗi, wato RVB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, wato CMJN. Jan ƙasata da ke ƙyalli a allo ya fito a takardar gwaji kamar kunun kanwa. Sau uku ina biyan gwaji a ƙaramar takarda, ina rage shuɗi ina ƙara rawaya, kafin ya dawo kusa da fakon Badagishiri. Mai injin ya mayar da ni gida sau ɗaya don na manta da milimita uku na rarar gefe da wuƙa za ta ci, sau ɗaya kuma don ban mayar da haruffan zane ba, kwamfutarsa ba ta da Andika. Ranar da komai ya daidaita, takarda ta fito rabi aka ɗauke wuta. Jaka huɗu na biya, Gwaggo ce ta cika mini.

Masu duba aikin su uku ne. Na farko ya tsaya ya kalla, ya matsa baya, ya ce, "Madmazel, ranar itace ce. Ina itacen?" Na ce yana bisa kanka, Mushe, kai ma a ƙarƙashinsa kake. Ta biyun ta yi murmushi, shi bai yi ba. Suka yi ta ja-in-ja da Faransanci kamar ba na wurin. Na samu 14 bisa 20. Wanda ya zo na ɗaya da 17 ɗan Zabarmancin nan ne, ya zana layin bedi na kewayen Yamai da tsabta ƙwarai, kuma ya cancanta. Mai tambayar ma ba zan ce bai da gaskiya ba sam. Mai gadin makarantarmu da na nuna wa ya ɗauka tallar atamfa ce, sai da ya ga akuyar. Wanda bai taɓa tsayawa a fako ba, yana iya ɗaukar rabin watan a matsayin ɓawon kifi. Da yanzu ne, da na sa ɗan tsiro ɗaya a fili, babba, a rabin watan da ya fi kusa da rubutu.

Amma da na kai shi Tawa, Inna ba ta tambayi ina itacen ba. Ta sa yatsa a kan layukan tana bin su ɗaya-ɗaya, ta ce yanzu ruwa ba zai gudu ba. Na so ta sa shi a ɗaki, ta ƙi, ta ce a zaure za a manna inda masu shigowa za su gani. Maƙwabta mata biyu da suka yi aikin Keita tare da ita sun zo takanas, suka tsaya a gabansa suna gardamar wane dutse ne, kowacce na cewa na ƙauyensu ne.

Yanzu ina aiki a wani shagon bugu a nan Tawa, katin biki da kalanda da allunan shago. Ranar Lahadi in kasuwa ta ci nakan zaga da waya, kuma sallama nake fara yi. Afish ɗin yana nan a zaure. Hantsi na dukansa kullum ta bakin ƙofa, kuma tawadar ja da rawaya su suka fi saurin gudu daga rana, don haka fakon ya koɗe ya koma wani fari-fari mai shuɗi-shuɗi, tsanwar ma ta tafi. Baƙin inuwar ne kawai bai motsa ba. Watan jiya Inna ta ce in sake bugo mata sabo, a rufe shi da leda wannan karon. Ta ce kuma in zan sake, in ƙara wa akuyar kunne, don wadda ke ciki ta fi kama da kare.